Kyamarar Tsaro a Gidan Mai Ƙaramin Ƙarfi: Fa'idodi da Illoli ga Mutanen Gamu da Gure

A da, kyamarar tsaro kayan banki ce da ma'aikatun gwamnati da gidajen manya a Yamai. Yau ta sauko kasuwa. Wanda ya shiga Kasuwar Dole a Damagaram, ko ya tsallaka Kano ya zaga Farm Centre da Sabon Gari, zai tarar da ita jere a kwali, wata mai waya, wata mai fanon sola a ka. Daga Damagaram take bin babbar hanyar da ta nufi Difa, ta yi tafiyar sama da kilomita 150 ta sauka Gure, daga Gure kuma ta ratsa rairayi zuwa ƙauyukan komin ɗin Gamu. Masu tambayarta ba attajirai ba ne. Mai kanti ne da aka taɓa fasa wa ƙyaure, da mai siton gero da wake, da mai raguna a turke yana jiran Babbar Salla, da ɗan ci-ranin da ya bar iyali a gida. Kuɗin da ke hannun kowannensu ƙidayayye ne, kuma in ya zuba shi a kayan da ba su yi aiki ba, babu na biyu. Don haka ya kamata a ɗora wannan na'ura a sikeli kafin a kwance bakin aljihu.

Abin da ake saye

Iri uku ne a kasuwa. Na farko shi ne kyamarori masu waya da ke haɗuwa a akwatin naɗa hoto da ake kira DVR. Shi ne ya fi araha in ana son kyamara huɗu ko takwas, amma kowace kyamara tana bukatar hanyar hoto da hanyar wuta. Na biyu shi ne akwatin NVR, wanda kyamarorinsa ke amfani da irin wayar da ake haɗa kwamfuta da ita. A nan waya ɗaya tana iya ɗaukar hoto da wuta tare har tsawon mita 100, hoton ya fi fita, kuɗin ma ya fi yawa. Na uku shi ne kyamara mai zaman kanta, mai ƙaramin fano da batir da gurbin sim da katin memori a cikinta. Ba ta bukatar akwati, ba ta bukatar wutar kamfanin lantarki na NIGELEC, kuma ita ce ta fi jan hankalin mutanen ƙauye. Yawancin waɗannan kaya daga ƙasar Sin suke zuwa. Manyan sunayen su ne Hikvision da Dahua, dukansu na birnin Hangzhou, sai kuma tarin marasa suna da ke aiki da manhajoji irin su V380.

Fa'idodi

Fa'ida ta farko ita ce tana sa ɓarawon ganin dama ya ja da baya. Wannan ba zance ne na masu talla kawai ba. A 2019 wasu masana harkar laifuka, Eric Piza da Brandon Welsh da David Farrington da wata abokiyar aikinsu, sun tattara binciken da aka yi cikin shekara 40, akasari a Ingila da Amurka. Sun gano cewa inda aka kafa kyamarori laifi ya ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari, a wuraren ajiye motoci kuma ya ragu da kashi 37. Ragin ya fi bayyana a satar dukiya, bai bayyana sosai a laifukan zubar da jini ba, kuma ya fi ƙarfi inda akwai mai kallon hoton a lokacin da abin ke faruwa, ko inda aka haɗa kyamara da wasu matakai kamar haske da masu gadi. Gamu ba Landan ba ce, amma halin ɓarawon akuya da na moto ɗaya ne ko'ina: yana son duhu, yana son wurin da ba wanda zai gane shi. A garin da kowa ya san kowa, tsoron a ce "kyamara ta ɗauke shi" ya fi tsoron kurkuku, domin kunyar za ta bi shi har gidan surukansa.

Fa'ida ta biyu, wadda a ganina ta fi kowacce nauyi a ƙaramin gari, ita ce kashe zargi. Idan aka yi sata a ƙauye, asarar kayan ita ce ƙaramar ɓarna. Babbar ita ce abin da ke biyo baya. A zargi yaron shago, a zargi almajirin da ke kawo ruwa, a zargi maƙwabci, a zargi baƙon makiyayin da ya kwana a bayan gari. A kai ga rantsuwa, wani lokaci a kai ga zuwa wurin mai duba, zumuncin shekaru ya tsinke a kan abin da babu wanda ya gani da idonsa. A ƙasa irin ta Gure, inda Hausawa da Barebari da Fulani da Tubawa da Buzaye ke cin kasuwa ɗaya suna shan rijiya ɗaya, zargi marar tushe yana iya tashi daga kan mutum ɗaya ya hau kan ƙabilarsa. Hoto mai kyau na minti biyu yana wanke mutum goma da ake yi wa kallon ɓarayi. Yana kuma ba mai gari ko jandarma abin riƙewa, maimakon maganar wane ya ce, wane ya ji.

Ta uku, ido ce ga wanda ke nesa. Maza da yawa na wannan yanki suna barin gida bayan girbi, wasu zuwa Kano da Legas, wasu Agadas da Libiya, wasu filayen zinariya na arewa tun bayan da aka gano ta a Jado a 2014. Inda akwai rezo, kyamara mai sim tana ba mutum damar duba ƙofar sitonsa ko garkensa daga wayarsa, ya ga an ba dabbobi ruwa, ya ga motar kaya ta iso. Kwanciyar hankalin da wannan ke kawowa ba ƙarama ba ce ga wanda ya bar guminsa na shekara a cikin ɗaki ɗaya.

Ta huɗu, tana taimakon ciniki. Ranar kasuwa kanti yana cika, hannaye suna yawa, lissafi yana rikicewa. Buhu nawa aka sauke, nawa aka loda, wa ya karɓi canji, wa ya ce ya biya: duk wannan gardama ce da hoto ke yankewa ba tare da an ɓata wa kowa rai ba. Yaron kanti mai amana ma yana amfana, domin in kuɗi suka yi giɓi akwai abin da zai kare shi.

Ta biyar, fano da batirin da aka saya domin kyamara suna ba gida haske da cajin waya, matasan da suka koyi haɗa waɗannan kaya kuma sun samu sana'a a yankin da sana'a ke da wuya.

Illoli

Illa ta farko ita ce wuta, kuma a nan ne mafi yawan masu saye ke faɗuwa. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a karkara kuma abin ya fi haka ƙaranci nesa. Ko inda layi ya kai, kowa ya tuna yadda aka sha duhu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa, ba a mayar ba sai a Maris 2024. Mai sayar da kaya yakan faɗi kuɗin kyamara huɗu da akwati, ya yi shiru a kan abin da zai ciyar da su. Ga lissafin. Kyamara ɗaya tana cin kamar wat 5, akwati da faifan ajiyarsa kamar wat 15. Kyamara huɗu da akwati sun kama wat 35, dare da rana babu hutu, wato kusan wat 840 na awa a kwana ɗaya. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe wat 1200 na awa, amma irin batirin gubar da aka saba saye ba a so a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ke nan batir ɗaya dare ɗaya kawai zai raka ka da ɗan ragowa, kuma sai da fano mai wat 250 ko 300 zai cika washegari alhali kayan suna ci. In hazon hunturu ya rufe rana kwana biyu, komai ya mutu. Sau da yawa kuɗin fano da batir da na'urar daidaita caji yana kamo kuɗin kyamarorin, ko ya wuce. Wanda bai sa wannan a lissafi ba zai wayi gari da kyamarori huɗu a bango waɗanda ba sa ganin komai daga tsakar dare, daidai lokacin da ɓarawo ke fitowa.

Ta biyu, yanayin ƙasarmu ba ya tausayin na'ura. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, cikin ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Faifan ajiya da ke juyawa ba dare ba rana a irin wannan zafi ba ya daɗewa, batir ma zafi yana rage masa kwana. Ƙurar hunturu da rairayin da iska ke kwasowa suna rufe gilashin kyamara da fuskar fano, suna toshe fankar akwati. Da dare jan hasken da kyamara ke gani da shi yana jawo ƙwari, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin gilashi, hoton ya zama fari fat. Ɓera yana cin waya, gara tana bin bangon laka, tsawar damina kuma tana iya ƙona akwati da duk abin da ke haɗe da shi a lokaci ɗaya. Ƙananan kyamarori masu sola suna da nasu ciwon: domin su adana batir, barci suke yi sai sun ji motsi, kuma kafin su farka mutum ya wuce, sai ƙeyarsa. Akuya da kaza da reshen bishiya kuwa suna tayar da su sau da yawa har mai gida ya gaji ya kashe ƙararrawar.

Ta uku, ba kowane hoto ne shaida ba. Kyamara mai megafiksel 2 da faɗin gani, irin wadda aka fi sayarwa, tana fitar da fuskar da za a iya rantsuwa a kanta ne a tazarar kusan mita 4. Bayan haka za ka ga mutum, ka ga launin rigarsa da rana, amma ba za ka ce wane ne ba. Da dare hoton baƙi da fari ne. A ƙasar da naɗa rawani a rufe baki da hanci al'ada ce ta kowa, musamman da hunturu, ɓarawo ba ya bukatar wata dabara ta ɓoye fuska. Ga kuma jabun kaya: kwali ya ce megafiksel 8, abin da ke ciki bai kai rabin haka ba, katin memori ya ce giga 128, ya cika tun bai je ko'ina ba, ya riƙa goge hoto mai shi bai sani ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan har tana iya jawo zalunci, domin dusasshen hoto yana sa a ce "ai tafiyar wane ce", a kama marar laifi da hujjar da ta fi jita-jita haɗari tunda ana ganin na'ura ce ta faɗa.

Ta huɗu, kyamara ido ce da ba ta da hannu. Tana gani, ba ta kamawa. A ƙauyen da jandarma ke da tafiyar awanni a kan rairayi, wanda ya kore garke da dare ya yi nisa kafin a buɗe akwati da safe. Masu zuwa da makami kuwa ba kyamara ke tsayar da su ba, kuma ɓarawon da ya san abin yakan fara da ɗauke akwatin ko tsinke waya. Akwai ma haɗarin sakankancewa: mutum ya sallami mai gadi, ya bar ƙyaure da ruɓaɓɓen kwaɗo, ya daina gaya wa maƙwabci zai yi tafiya, don yana ganin ya sa na'ura. A wani wurin kyamarar da ke ƙyalli a bangon laka ita ce ma ke shelar cewa akwai abin ɗauka a gidan.

Ta biyar ita ce wadda ta fi damuna, wato sirrin gida. Ginin gidan Bahaushe da na Babarbare tsari ne na sutura. Baƙo yana tsayawa a zaure, tsakar gida ta mata ce da yara, a nan ake daka, a nan ake shayarwa, a nan mace ke sakewa ba lulluɓi. Addini ya ƙarfafa wannan: Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Kyamarar da aka juya cikin tsakar gida tana rusa abin da zaure ya tsare shekaru aru-aru. Wa ke ganin hoton? Mai gida yana zaton shi kaɗai ne. Amma yaron da ya zo ya haɗa kayan sau da yawa shi ya buɗe asusun, lambar sirri tana wayarsa, yana iya kallo duk lokacin da ya ga dama. Hoton kyamarori masu sim kuma yana bi ta rumbunan kamfani a wata ƙasa kafin ya iso wayarka. Wannan ba tsoro ne na banza ba. A 2014 an bankaɗo wani shafin intanet da ke nuna hotunan dubban kyamarori kai tsaye daga gidaje da shaguna a faɗin duniya, don kawai masu su ba su canza lambar sirrin da aka sayo su da ita ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da akwatunan naɗa hoto ta wannan hanya, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka a Amurka. A 2021 kamfanin Hikvision da kansa ya fitar da gyara ga wata ɓaraka da ke ba ɗan kutse damar mallake kyamara daga nesa. Idan haka ta samu babban kamfani, marar suna da babu mai sabunta manhajarsa fa?

Ko babu ɗan kutse, akwai ɓarnar cikin gida. Mijin da ke Libiya yana kallon matarsa ta waya, yana kira yana tambayar wa ya shigo, me ya sa ta fita, ya mayar da na'urar tsaro ta zama na'urar zargi. Aure yana tsayuwa ne a kan amana, kuma macen da ta san ana leƙenta dare da rana ba za ta ji gidan nata ne ba. Haka maƙwabci: kyamarar da aka ɗaga sama da katanga tana hango tsakar gidan wani, ko hanyar da mata ke bi zuwa rijiya, haƙƙi ne aka ci ko da ba da niyya ba.

Ta shida, yaɗa bidiyo. Da zarar an samu hoton wanda ake zargi, hannu yana ƙaiƙayin tura shi WhatsApp. Cikin awa ɗaya ya zaga gari, kuma taron da ya fusata ba ya jiran alƙali. In yaro ne ya ɗauki abin da bai taka kara ya karya ba, an ɓata masa suna har girmansa. Doka ma tana nan. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane tun 2017 tare da hukumar HAPDP mai kula da ita, ta kafa dokar laifukan intanet a 2019, a Yuni 2024 kuma aka tsaurara ta aka dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta hanyar sadarwar zamani. Wanda aka yi wa sata yana iya komawa wanda ake tuhuma in ya yaɗa hoton da bai tabbata ba.

Ta bakwai, kashe kuɗin ba ya ƙarewa ranar saye. Kallon kyamara ta waya yana cin kamar mega 200 a awa ko da an rage ingancin hoto, in an buɗe shi sosai ya kusa giga ɗaya. Sim ɗin Airtel ko Moov ko Zamani da ke cikinta yana son data kowane wata, in rezo ya ɗauke kuma babu kallo. Batir yana son canji bayan ƴan shekaru. In abu ya lalace, mai gyara yana Gure ko Damagaram, kuɗin motarsa da na aikinsa duk a wuyanka.

Yadda sikelin ya tsaya

In aka haɗa duka, fa'idar kyamara ta gaske ce amma tana da sharuɗɗa, illolinta kuwa suna zuwa da kansu in aka yi sakaci. Don haka shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya bi abin daki-daki. Ya fara da ƙyauren ƙarfe da sakata da kwaɗo mai kyau, da fitila mai sola a ƙofar gida da bakin garke, da kyakkyawar ma'amala da maƙwabta. Wanda kuɗinsa ya ƙare a nan bai yi asara ba, ya riga ya sayi mafi yawan tsaron da kuɗi ke saye. In da ragowa, ya raba ta biyu tun kafin ya shiga kasuwa: kaso ɗaya na wuta, kaso ɗaya na kyamara. Kyamara biyu masu kyau da wutar da za ta kai su asuba sun fi takwas da ke mutuwa da tsakar dare.

Wajen kafawa, a sa ɗaya a inda dole mai shigowa ya bi, wato ƙofar zaure ko ta kanti, a tsayin da bai wuce mita 3 ba domin ta kama fuska maimakon tsakar kai, ɗayar kuma a bakin sito ko turke. Kada a fuskantar da ita ga fitowar rana ko faɗuwarta. A nemi mai alamar IP66 ko IP67, wadda ke jure ƙura da ruwa. Wanda ke cikin garin Gure da layin lantarki, DVR mai gurbi huɗu da batirin ko-ta-kwana ya ishe shi, ya fara da kyamara biyu ya ƙara daga baya. Kyamara mai megafiksel 2 tana cin kamar giga 20 a kwana in tana naɗa ba tsayawa, ke nan faifan tera 1 zai riƙe hoton kyamara huɗu na kusan kwana 12, na biyu kuma fiye da sati uku. A nemi faifan da aka yi domin wannan aiki, irin su WD Purple ko SkyHawk, a ɓoye akwatin a wuri mai iska da ba a gani daga ƙofa. Wanda ke ƙauyen Gamu babu layi, mai sola da sim ta fi dacewa da shi, amma ya gwada rezo a daidai wurin kafin ya biya, ya sa a gwada masa hoton dare, ya sayi katin memori a hannun wanda zai iya mayar wa in ya zama jabu. A riƙa goge gilashi da fano, a riƙa duba cewa kwanan wata da agogon na'urar daidai suke, domin hoto mai kuskuren lokaci yana raunana shaida.

Sannan akwai sharuɗɗa uku da bai kamata talauci ko gaggawa su sa a tsallake ba. Lambar sirri mai gida ne zai sa ta da hannunsa bayan mai haɗawa ya gama, a kan asusun da aka buɗe da lambar wayarsa. Kyamara ba ta shiga tsakar gida, ba ta leƙa gidan maƙwabci, kuma matan gida da yaran kanti su san inda take da abin da take gani. In ta kama wani abu, hoton ya tafi wurin mai gari ko jandarma, kada ya shiga zauren WhatsApp. Mai gidan da zai iya riƙe waɗannan, kuma aljihunsa zai ɗauki wuta da data da gyara, kyamara za ta amfane shi ta kuma amfani garinsa. Wanda ba zai iya ba, ya ƙarfafa ƙofarsa ya haskaka ƙofar gidansa, ya ajiye sauran kuɗin ga iyalinsa har Allah Ya hore.